Kamfanin Zinox da Tarihin Shigar Kwamfuta Ƙasar Haɗeja

Zinox Technologies kamfanin haɗa kwamfuta ne da ke Legas, wanda ya fara fitar da kaya da sunansa a shekarar 2001. A cikin 'yan kamfanonin Najeriya da suka yi yunƙurin gogayya da HP da Dell, shi ne ya fi girma. Tarihinsa ya haɗu da na ƙasar Haɗeja ta wata hanya da ba kasafai ake lura da ita ba. A Amurka da Turai kasuwa ce ta shigar da kwamfuta gidajen mutane. A garuruwan da ke bakin kogin Haɗeja kuwa, hukuma ce ta fi yaɗa ta, ta hanyar rajistar zaɓe da jarrabawar shiga jami'a da tantance ma'aikata. Ta wannan ƙofa ta hukuma Zinox ya girma, da ita kuma yake rayuwa. Ƙofar kasuwa, wadda ɗalibi da mai shago suke bi da kuɗin aljihunsu, tun farko tana hannun tsofaffin kwamfutocin ƙasashen waje, kuma har yau ba ta fita daga hannunsu ba.

Daga manyan injuna zuwa kwamfutar tebur, 1963 zuwa 1988

Kwamfutocin farko da suka shigo Najeriya manyan injuna ne masu cika ɗaki, mallakar gwamnati da jami'o'i da kamfanonin mai, kuma IBM na Amurka ne kan gaba wajen kawo su. A 1963 kamfanin ya buɗe cibiyar horarwa a Jami'ar Ibadan. Da dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1977 ta nemi ya sayar wa 'yan Najeriya wani kaso na hannun jarinsa, sai ya ƙi, ya tattara nasa ya nasa ya fice a 1978, kamar yadda ya yi a Indiya a daidai wannan lokaci. Haɗeja a wancan zamani tana cikin tsohuwar jihar Kano, kuma aikin ofis duka a hannun akawu da tafireta yake. Wanda ya iya buga tafireta da sauri ya sami sana'ar da za ta riƙe shi har ritaya.

Abin da ya buɗe wa irin su Zinox hanya a Amurka ya faru, ranar 12 ga Agusta, 1981, lokacin da IBM ya fitar da ƙaramar kwamfutarsa ta tebur. Saboda gaggawa, kamfanin bai tsaya ƙera komai da kansa ba: ya sayi ƙwaƙwalwar na'urar daga Intel, ya karɓi manhajar da ke tafiyar da ita daga Microsoft, bai kuma hana su sayar wa wasu ba. Ma'ana, duk mai jari zai iya sayen kayan nan ya haɗa irinta. Compaq, wanda aka kafa a Houston a 1982, shi ya fara nuna haka da gaske. Ana ba da labarin cewa a kan takardar shimfiɗar tebur a wani gidan cin abinci aka zana siffar kwamfutarsa ta farko, irin labarin da kamfanoni ke son a riƙa maimaitawa game da asalinsu. Abin da yake a rubuce shi ne, a shekararsa ta farko ta ciniki ya sayar da kayan sama da dala miliyan 100. Michael Dell ya biyo baya a 1984, yana ɗalibi a Jami'ar Texas. Shi kuwa HP tsoho ne, tun 1939 Bill Hewlett da Dave Packard suka kafa shi a garejin wani gida a Palo Alto, kuma an ce kwabo suka jefa sama don a san sunan wa zai zo farko.

Wannan tsari ya zo da sauƙi da kuma iyaka. Haɗa kwamfuta ya zama aikin sukudireba da gwaji, wanda za a iya yi a kowace ƙasa. Amma ribar mai tsoka ta tsaya a hannun Intel da Microsoft da masana'antun Taiwan, daga baya kuma na Sin, inda ake ƙera sassan. Mai haɗawa sai ya sayar da yawa kafin ya ga abin kirki.

Gwamnatin Najeriya ta fito da manufar koyar da kwamfuta a makarantu a 1988, zamanin da Farfesa Jibril Aminu ke ministan ilimi. An fara da kwalejojin gwamnatin tarayya, kuma abin bai yi nisa da can ba.

Leo Stan Ekeh da kafuwar Zinox, 1989 zuwa 2003

Leo Stan Ekeh, ɗan jihar Imo da aka haifa a 1956, ya yi karatu a Indiya da Birtaniya, ya dawo gida ya kafa kamfanin Task Systems a 1989. Da gidajen jaridu da masu ɗab'i ya fara, yana kai musu kwamfutocin Apple don tsara shafuka a maimakon tsohon aikin jera haruffan dalma. A 1999 ya kafa Technology Distributions, babban dillalin kayan HP da Microsoft da wasunsu a Afirka ta Yamma. Wannan batu yana da muhimmanci ga duk abin da ya biyo baya: mutumin da ya fi kowa tallata kwamfutar gida shi ne kuma ɗaya daga cikin manyan masu shigo da ta waje, saboda haka ko wacce mai saye ya ɗauka, akwai yiwuwar kuɗin ya bi ta gidansa.

An ƙaddamar da Zinox a 2001 tare da abokan haɗin gwiwa daga waje, ciki har da Mustek na Afirka ta Kudu. Abubuwan da aka fi tallata shi da su su ne alamar naira a kan madannai, da shaidar inganci daga Microsoft, da kuma iƙirarin cewa an tsara na'urar don ta jure hawa da saukar wutar NEPA. Shekarar ta dace. A cikinta aka kafa hukumar NITDA mai kula da bunƙasa fasahar sadarwa, a watan Agusta kuma Econet da MTN suka fara aikin wayar salula. A 2002 gwamnatin Olusegun Obasanjo ta umarci ma'aikatu da hukumominta su riƙa fifita kwamfutocin da aka haɗa a gida, kuma sunayen da suka ci moriyar umarnin sun haɗa da Zinox da Omatek na Florence Seriki da Beta. Kamfanin yana lissafa gasar wasannin Afirka da taron ƙasashen renon Ingila, waɗanda aka yi a Abuja a 2003, cikin manyan ayyukansa na farko.

Tun a lokacin ra'ayi ya rabu. Masu goyon baya suna cewa ko Koriya da Sin da haɗa kayan wasu suka fara. Masu suka suna cewa akwati da tambari ne kawai na gida, cikin kuwa duk daga Asiya yake. Dukansu suna da gaskiya a kan abin da suka faɗa. Inda masu goyon bayan suka yi sakaci shi ne, ƙasashen da suke misali da su sun haɗa kariyar kasuwa da wutar lantarki tabbatacciya da tilasta wa kamfanoninsu fitar da kaya waje, alhali a nan umarnin sayayya kaɗai aka bayar.

Jigawa da mafarkin fasaha, 1991 zuwa 2007

Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiri jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991. Mutanen Haɗeja sun daɗe suna fafutukar neman jiha, da yawansu kuma sun sa ran garinsu ne zai zama babban birni, sai aka ba Dutse. Wannan hukunci ya yi tasiri har a kan batun kwamfuta, domin inda sakatariya take, can ake fara sauke kayan ofis. Masarautar Haɗeja, mai ƙananan hukumomi takwas, wato Haɗeja da Auyo da Birniwa da Guri da Kafin Hausa da Kaugama da Kiri Kasamma da Malam Madori, ta ci gaba da zama rumbun jihar: shinkafa da alkama a fadama, riɗi da gero a tudu, kifi daga dausayin da ya miƙa har Nguru. Cinikin waɗannan kaya da baki da amana da littafin ɗan kamasho ake yin sa, babu abin da ya matsa wa kowa neman na'ura.

Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, wanda ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007, shi ne ya sa sunan Jigawa a bakin masu harkar kwamfuta. A lokacin da jihohi masu kuɗi ba su fara tunanin abin ba, ya kafa makarantar koyon fasahar kwamfuta a Kazaure tare da kamfanin Informatics na Singafo, ya kuma kafa kamfanin intanet na jiha mai suna Galaxy a Dutse. Da gwamnatin tarayya ta kafa Galaxy Backbone a 2006 don haɗa ma'aikatunta da intanet, Jigawa tana cikin masu hannun jari. Makarantar Kazaure ta yaye matasa da yawa daga ko'ina cikin Arewa, kuma tana nan har yau.

Hukuncin da jama'a suka yanke wa shirin bai zo ɗaya ba. Wasu suna ganin hangen nesa ne. Wasu suna tambayar amfanin intanet a jihar da alƙaluman hukuma suka riƙa sanya ta cikin mafiya talauci, inda azuzuwan firamare da dama ba su da benci. Ta fuskar Haɗeja akwai ƙarin magana: Kazaure tana can ƙuryar yamma, Haɗeja tana gabas, kuma 2001, shekarar da ake ta zancen intanet, shekarar babbar ambaliya ce a kwarin kogin, lokacin da ruwa daga ɓangaren madatsun Tiga da Challawa ya ci gonaki da ƙauyuka. Manomin da shinkafarsa ke ƙarƙashin ruwa ba zancen tauraron ɗan Adam yake jira ba.

Duk da haka, a waɗannan shekaru kwamfuta ta fara zama a cikin gari, ta hanyar shagunan buga takardu da suka maye gurbin masu tafireta. Kwamfutar tebur guda, firinta, injin hoto da ƙaramin janareta, sun isa a buɗe shago. Aikinsu takardar neman aiki, katin gayyatar aure, takardar cinikin fili da kundin ɗalibai. Shirin tarayya na 2006 na sayar wa ma'aikata kwamfuta a kan biya kaɗan-kaɗan daga albashi, wanda Zinox da Omatek suka shiga, ya fi amfanar ma'aikatan manyan birane.

Rajistar masu zaɓe, 2006 zuwa 2011

Hukumar zaɓe ta INEC ce ta mayar da Zinox babban suna, ita ce kuma ta kai kwamfuta inda kasuwa ba ta taɓa kai ta ba. Gabanin zaɓen 2007, hukumar a ƙarƙashin Farfesa Maurice Iwu ta yanke shawarar ɗaukar hoto da zanen yatsan kowane mai zaɓe da na'ura. An tsara amfani da na'urori kusan 33,000, amma da aka fara aikin a ƙarshen 2006 ƙalilan ne suka iso, domin 'yan kwangilar waje sun gaza. Aka koma wa Zinox ya cike giɓin da dubban kwamfutocin tafi-da-gidanka. A bakin kamfanin, wannan ceton ƙasa ne. A tarihin zaɓe kuwa, rajistar ta fito da lam'a: an samu na'urorin hukuma a gidan wani ɗan siyasa a Ibadan, an ga sunayen bogi a kundin, kuma shi kansa Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya amince cewa zaɓen da ya kawo shi yana da kurakurai. Laifin ba na na'ura ba ne, amma abin ya nuna cewa na'ura ba ta gyara hannun da ke riƙe da ita.

A watan Yuni 2010 aka naɗa Farfesa Attahiru Jega, tsohon shugaban Jami'ar Bayero ta Kano, ya jagoranci hukumar. Ya ce ba za a yi zaɓe da wancan kundi ba, sai an sake sabo daga tushe. Majalisa ta amince da sama da naira biliyan 87, aka ɗage zaɓen daga Janairu zuwa Afrilu 2011. A wannan karon an ƙudura cewa kowace rumfa daga cikin rumfuna kusan 120,000 na ƙasar za ta sami na'urarta, da ƙari don ko-ta-kwana, jimilla 132,000. Zinox ya sami kwangilar 80,000, Haier na ƙasar Sin 30,000, Avante na Amurka 22,000. Wato uku cikin kowace biyar daga hannun Zinox suka fito. Kamfanin yana cewa cikin kwana 35 ya kammala kawo nasa kason, da jiragen sama na shata. A watan Disamba an sace wasu 'yan na'urori a filin jirgin saman Legas, labarin da ya tayar da hankali fiye da girman asarar.

Jigawa tana da rumfuna 3,527 a mazaɓu 287 a lokacin, kuma ranar 15 ga Janairu, 2011 aka fara. Kowace jaka tana ɗauke da kwamfutar tafi-da-gidanka, da ƙaramar kyamara, da na'urar ɗaukar zanen yatsa, da firinta mai fitar da katin wucin gadi, da babban batir. Manhajar da ke ciki ba ta Microsoft ba ce, hukumar ce ta sa aka rubuta tata a kan Linux. 'Yan hidimar ƙasa ne mafi yawan masu aikin, kuma an tsawaita hutun makarantu don a yi amfani da harabarsu. A ƙauyukan fadama mutane da yawa ranar suka fara tsayawa gaban kwamfuta. Ɗan hidima yana zaune a barandar makarantar firamare ko gindin bishiya a ƙofar gidan mai unguwa, ya rataya wani ƙyalle a bango don bayan hoto, layin maza daban, na mata daban, ga wani matashin gari a gefe yana fassara tambayoyi yana gyara rubutun sunaye.

Matsalar da ta fi ci wa mutane tuwo a ƙwarya ita ce yatsa. An saita na'urar ta nemi zanen yatsu goma masu kyau, kuma a ranakun farko ta riƙa ƙin karɓa a faɗin ƙasar, har da yatsun tsohon shugaba Obasanjo a Abeokuta. A ƙasar Haɗeja abin ya faɗo a tsakiyar hunturu, lokacin noman rani. Hannun da ya wuni yana ban ruwa da riƙon fartanya, ko yana jan koma a kogi, ga kaushi ga faso, bai cika barin zanen da gilashi zai iya karantawa ba. Sai a wanke hannu, a goge, a sake ɗorawa, mutum guda ya ci rabin sa'a, batir kuma yana ta sauka a garin da babu wutar da za a yi caji. Cikin makon farko hukumar ta gyara manhajar, aikin ya ɗan yi sauri, aka kuma ƙara kwanaki har zuwa farkon Fabrairu. An rufe da masu zaɓe miliyan 73.5 a ƙasa baki ɗaya, kusan miliyan biyu daga cikinsu a Jigawa.

Wannan kundi shi ne tushen duk abin da ya biyo baya. Da aka tace shi aka cire masu rajista sau biyu, ya sauko zuwa miliyan 68.8 a 2015, kuma a kansa aka buga katin zaɓe na dindindin da na'urar tantance kati ta karanta a zaɓen wannan shekara. Ga Zinox kuwa, aikin ya koya masa cewa kwangila guda ta gwamnati ta fi cinikin shekaru a shago.

Kasuwar gwanjo

A daidai lokacin da gwamnati ke sayen sabuwa, talaka ya gano tsohuwa. Manyan kamfanoni a Turai da Amurka sukan canza kwamfutocin ma'aikatansu duk bayan shekara uku ko huɗu, dillalai su saye su a dunƙule, a loda a kwantena zuwa Legas. A 2005 ƙungiyar Basel Action Network ta ƙiyasta cewa kwantena kusan 500 na tsofaffin kayan lantarki ke sauka a Legas duk wata, kuma 'yan kasuwar da ta zanta da su sun ce har kashi 75 cikin 100 na iya zama matattu. Hukumar NESREA ta fito da ƙa'idoji a 2011 don hana shigo da shara, abin ya ragu amma bai tsaya ba. Daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja kayan ke hawowa Kano, zuwa shagunan titin Beirut da kasuwar Farm Centre, daga nan ɗan Haɗeja ya yi tafiyar kusan kilomita 200 ya sayo, ko ya yi saƙo a motar haya.

HP ne ya fi cin wannan kasuwa, musamman bayan ya haɗiye Compaq a 2002, sai Dell, sai Lenovo na ƙasar Sin wanda ya sayi sashen ƙananan kwamfutoci na IBM a 2005. Dalilin bai tsaya ga suna ba. EliteBook ko Latitude ko ThinkPad ta hannu an ƙera ta ne don aikin ofis mai nauyi, saboda haka ko bayan shekara biyar takan fi sabuwa mai araha ƙarko. Sannan ga kayan gyara. A teburin mai gyara za a ga gawarwakin HP jibge, daga wannan a ciro allo, daga waccan a ciro madannai ko fanka. Ƙurar hunturu tana toshe fanka, zafin bazara da ke haura digiri 40 yana kumbura batir, wutar janareta tana ƙona caja, kuma duk waɗannan ana samun madadinsu nan take idan na'urar HP ce. Idan ta gida ce, sai a jira saƙo daga Legas. Mai saye ba ya tambayar ƙasar da aka haɗa ta. Tambayarsa batir awa nawa yake yi, kuma in ta lalace wa zai gyara.

Abin lura shi ne, HP kansa ba ya samun ko sisi daga wannan ciniki na biyu, amma yana samun abin da ya fi talla: yaron da ya koyi aiki a kan HP, ranar da ya zama jami'in sayayya, HP zai rubuta.

Jarrabawa a kan allo, 2013 zuwa 2015

Ƙofar hukuma ta biyu JAMB ce. A ƙarƙashin Farfesa Dibu Ojerinde, hukumar ta fara gwada jarrabawar shiga jami'a a kan kwamfuta a 2013, ta kuma daina amfani da takarda gaba ɗaya a 2015. Sharaɗin da ta kafa daga baya shi ne kowace cibiya ta mallaki aƙalla kwamfuta 250 da janareta. Nan take koyon riƙe linzamin kwamfuta ya zama dole ga duk ɗan sakandaren da ke son wucewa gaba, ko daga Guri yake ko Birniwa, kuma masu shagunan buga takardu suka sami sabuwar sana'a ta horar da ɗalibai da cike musu fom.

Lokacin ya zo daidai da buɗe jami'ar jiha a Kafin Hausa, wadda gwamnatin Sule Lamido ta kafa a 2013, yanzu kuma take ɗauke da sunansa, ga kuma kwalejin Binyaminu Usman a cikin garin Haɗeja. A karon farko masarautar ta sami dubban ɗaliban da ke buƙatar kwamfuta don rubuta kundi. Yawancinsu gwanjo suka nufa.

Faɗuwar naira da sauya sheƙa, 2013 zuwa yau

A ƙarshen 2013 NITDA ta fitar da ƙa'idojin da suka wajabta wa hukumomin tarayya sayen kwamfuta daga kamfanonin gida da ta amince da su, suka kuma nemi kamfanonin su ƙara yawan abin da ake yi a cikin ƙasa. Gwamnatin Muhammadu Buhari ta ƙarfafa wannan da umarnin shugaban ƙasa a 2017 da 2018. Yawan maimaita umarni guda tun 2002 ya isa shaida cewa ba a cika bin sa ba. Kuɗin ƙasa kuma bai taimaka ba. Dala tana wajen naira 197 a 2015, ta haura 300 a 2016, bayan an saki farashinta a Yuni 2023 kuma ta wuce 1,500 a 2024. Tunda da dala ake sayen kowane sashe, kwamfutar gida ta yi tsada tare da ta waje, babu wata rangwame da sunan Najeriya ya jawo mata.

Omatek bai tsira ba. Florence Seriki ta rasu a 2017, bashin Bankin Masana'antu kuma ya durƙusar da masana'antar. Ekeh ya bi wata hanya: a 2018 rukunin kamfanoninsa ya sayi kantin intanet na Konga daga hannun Naspers da Kinnevik, ya haɗe shi da wani kantin intanet mai suna Yudala. Wato nauyin harkar ya ƙara karkata daga haɗa kaya zuwa rarraba su. Kwangilar gwamnati dai ba ta yanke ba. Zinox ya sami aikin samar da ƙananan na'urorin hannu na ƙidayar jama'a da aka shirya yi a watan Mayu 2023, aka ɗage ta ana saura kwanaki, gwamnatin da ta shirya ta kuma ta sauka ba a yi ba.

A wannan tsakani wayar hannu ta kwashe yawancin aikin da aka zaci kwamfuta za ta yi a karkara. Tun shirin rabon taki ta saƙon waya na 2012, da lambar banki ta BVN ta 2014, har zuwa masu POS da suka cika bakin kasuwar kifi da tashar mota, ɗan kasuwar Haɗeja yana tura kuɗi yana duba farashin kasuwar Dawanau ta Kano ba tare da ya taɓa madannai ba. Ita kanta INEC ta bar kwamfutar tafi-da-gidanka ta koma ƙaramar na'urar BVAS daga 2021. Kwamfuta ta tsaya a makarantu da asibitoci da bankuna da shagunan buga takardu, da dama daga cikinsu yanzu da wutar sola suke aiki, saboda ta kamfanin rarraba wuta na KEDCO ba abin dogaro ba ce, man janareta kuma ya yi tsada tun cire tallafi a 2023.

Tun watan Agusta 2019 shugaban NITDA shi ne Kashifu Inuwa Abdullahi, haifaffen Haɗeja, wanda ya gaji Isa Ali Pantami, aka kuma sabunta masa wa'adi a 2023. A hannun hukumarsa alhakin tilasta dokar sayen kayan gida yake, kuma Jigawa tana cikin jihohin da ta fara gwada shirinta na shigar da fasahar zamani cikin noma. Gwamna Umar Namadi, wanda ya hau mulki a 2023, shi ma ɗan masarautar ne daga Kafin Hausa. A kasuwar duniya Lenovo ne kan gaba, HP na biye, sai Dell. Ranar 14 ga Oktoba, 2025 ita ce ranar da Microsoft ya sanya don daina kula da Windows 10, kuma yawancin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2018 ba su cika sharuɗɗan hawa Windows 11 ba. Irin waɗannan ne suka fi yawa a shagunan Haɗeja da cibiyoyin jarrabawa, irinsu ne kuma ofisoshin Turai ke sallamarwa zuwa kwantenonin Legas.